Janwen ruwa mai rimot: Yadda muka ƙera shi a Gaya, muka gyara shi a Ajingi

Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya san motar kara. A fere karan dawa, a soke shi da tsinke, a yanko tayoyi daga tsohon silifas, shi ke nan an yi mota. Daga nan wasu kan wuce zuwa ta langa-langa, masu ƙwazo kuma su samo ɗan injin nan na cikin tsohuwar rediyo da yara ke kira dainamo, su haɗa masa batir. Mu ukun da muka yi wannan aiki, biyu 'yan Gaya, ɗaya ɗan Ajingi, duk ta nan muka biyo kafin karatu ya haɗa mu a Wudil. Jirgin ruwa ne kawai babu wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu, alhali ga kwale-kwale muna gani kullum a gindin gadar Wudil.

Wani tsohon bidiyo ne ya tayar mana da tsimi. Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 23 ga Maris, 2021 wani makeken jirgin dakon kaya mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin ruwan Suwez na ƙasar Masar ya toshe hanya, har kwana shida ba shiga ba fita. Waɗanda suka ciro shi, bayan an yashe rairayin da ya kafe a ciki, wasu gajerun jirage ne masu faɗin ƙirji, fiye da goma, wasu na ja wasu na turawa. Kusa da shi kamar ƙudaje suke a jikin raƙumi. Irinsu ne ke shigar da manyan jirage tashar Apapa a Legas su kuma fito da su, domin babban jirgi ba ya iya juya kansa a matsattsen wuri. Tun da motar da ke jan wadda ta lalace janwe muke ce mata, sai muka laƙaba masa janwen ruwa, muka ce a hutun damina za mu ƙera ƙaraminsa mai rimot.

Wasan ma ba sabo ba ne. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba, a birnin Niyok. A nan Kano kuma, a 2007, wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Muka ce ai namu mai sauƙi ne. Ashe ba mu san dawan garin ba.

Gangar jiki da kayan ciki

Mun yanka gangar jikin daga siririn falanki, tsawo santimita 50, faɗi 20, muka like gaɓoɓin da Araldite, muka shafe ciki da waje da fentin mai har sau uku. Ɗakin matuƙi da robar tsohon bokitin fenti muka yi shi, muka zagaye gefen jirgin da guntayen tiyo a madadin tayoyin da ake ratayawa a jikin na gaske. Wannan duk bai ɗauke mu mako guda ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da sandar farfela ke fita daga cikin jirgin ta shiga ruwa. Dole a huda jirgin a ƙasan inda ruwa ke kaiwa, sannan sandar ta riƙa juyawa a cikin hudar ba tare da ruwa ya biyo ta ba. Wani mai gyaran rediyo a Gaya, dattijon da muka mayar da shagonsa ajinmu, shi ya warware mana. Ya zare gaɓa ɗaya daga eriyar tsohuwar rediyo, wadda dama bututu ce, ya zura sifok ɗin babur a ciki, ya ce mu like bututun a jikin jirgin, mu ɗura masa giris har ya cika. Sifok na juyawa, giris na tare ruwa. Tsakanin sifok da dainamo kuma muka sa guntun tiyon ƙarin ruwa na asibiti, don ko sun ɗan saɓa layi ba za a yi ta jijjiga ba.

Rimot da allon karɓar saƙo daga motar wasan yara muka ciro su, irin mai aiki a kan zangon megahaz 27. Tun a kan teburi ya fara nuna hali: da zarar dainamo ya tashi, wutsiyar juya jirgin sai ta shiga karkarwa ita kaɗai. Dattijon ya yi dariya, ya ce tartsatsin da ke tashi a cikin dainamon ne ke dagula saƙon rimot. Ya ɗauko 'yan ƙananan kafasita masu kama da ƙwayar magani, waɗanda aka rubuta 104 a jikinsu, ya like ɗaya tsakanin ƙafafun dainamon, biyu kuma daga kowace ƙafa zuwa jikin ƙarfensa. Karkarwa ta tsaya. Mun yi karatun wannan a aji, mun ma ci jarrabawarsa, amma sai a ranar muka gane abin da muka rubuta.

Ranar kududdufi

A watan Agusta muka kai shi wani kududdufi a bayan gari. Yara sun fi ashirin a bayanmu. Muka ajiye shi a ruwa, sai ya tsaya can sama kamar ɓawon gyaɗa, rabin farfela a waje. Muka danna rimot, ya yi ta feshin ruwa da ƙara, ya zabura a karkace, ya nufi tsakiya. Murna ta hana mu lura cewa ya kusa wuce inda saƙo ke kaiwa. Can sai ƙarar ta mutu. Leda ce ta naɗe farfela, dainamo ya cije, allon motar wasan da ba a yi shi don jan wuta mai yawa ba ya ƙone.

Muna tsaye muna gardamar yadda za a yi, ƙanin ɗaya daga cikinmu, yaro ɗan shekara goma, ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Wanda ya san kududdufi ya san yadda yake: rami ne da aka haƙi ƙasar gini, bakinsa iya gwiwa, taku uku gaba kuma ya shanye babban mutum. Yaron bai iya iyo ba. Mun ga kansa ya nutse ya ɓullo sau biyu. Wani bawan Allah da ke wankin babur a gefe shi ya yi tsalle ya cafko shi, mu kuwa ɗaliban jami'a muna tsaye da rimot a hannu, ƙafafunmu sun ƙi motsi. Allah Ya kiyaye, ruwan da ya sha ya amayar, amma har yau idan muka tuna sai jikinmu ya yi sanyi.

Da daddare mahaifinsu ya tara mu a zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ku da ake turawa makaranta don ku fi mu hankali, ku ne za ku ja min yaro cikin ruwa saboda abin wasa? Kada in sake ganin wannan abu a gidan nan.” Babu wanda ya iya ɗaga kai. Washegari iska ta koro jirgin bakin gaɓa, muka ɗauke shi a buhu, ya yi wata biyu a ƙarƙashin gado a ɗakinmu na Wudil.

Wurin Kawu

Ɗan Ajingin cikinmu ne ya ce yana da kawu masunci a wani ƙauye kusa da kogin nan da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Bayan damina, idan kogi ya janye, yakan bar tafkuna a fadama, ruwa kwance, ga kwale-kwale a kusa, ga wanda ya san ruwan kamar tafin hannunsa. A ƙarshen Oktoba muka tafi.

Kawu ya karɓi jirgin, ya jinjina shi a hannu, ya ɗora a ruwa, ya sa yatsa ɗaya ya dangwari ɗakin matuƙin. Jirgin ya kwanta a gefe ya ƙi tashi. Ya dube mu ya ce, “Samari, wannan ai ba jirgi ba ne, ƙwarya ce. Kun taɓa ganin an ɗora kaya a kan kujerar kwale-kwale an bar cikinsa fayau?”

A nan bakin tafki muka zauna muka yi lissafin da ya kamata mu yi tun kafin mu yanka falanki. Ƙa'idar Arkimidis ce da kowane ɗan sakandare ya haddace: abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Muna so jirgin ya nutse santimita 7 don farfela ta shige ruwa gaba ɗaya. Da a ce akwati ne mai kusurwa huɗu, 50 sau 20 sau 7 zai ba da lita 7. Da yake gaba a tsuke yake, ƙasa kuma a lanƙwashe, muka ɗauki kashi shida cikin goma, wato lita 4 da ɗoriya. Ke nan jirgin na bukatar nauyin kilo huɗu. Muka rataya shi a sikelin hannu irin na masu sayar da kaji: kilo ɗaya da rabi bai cika ba.

Abin ya ba mu kunya, domin duk tsawon aikin ƙoƙarinmu shi ne mu rage masa nauyi. Mun zaɓi ƙananan batura na tsohuwar kwamfutar cinya saboda ba su da nauyi, mun kankare falanki har ya kusa hudewa, duk da tunanin motar tsere a kanmu. Janwe kuwa nauyi ne jarinsa, matuƙar nauyin yana can ƙasa. Muka cire baturan kwamfutar, waɗanda dama haɗarin kama wuta gare su idan ruwa ya taɓa su, muka sa batura biyu irin na fanka mai caji, masu bolt 6 kowanne, muka jera su suka ba da bolt 12, muka kwantar da su a ƙasan ciki, muka ɗaure su tamau. Sun ƙara kusan kilo ɗaya da rabi, kuma nauyi ne mai aiki. Ragowar Kawu ne ya cike mana da dalmar da yake ɗaurawa a bakin birgi, bisa sharaɗin aro ce. Muka yi ta matsar da ita gaba da baya a cikin bahon wanki har jirgin ya zauna daidai. Yanzu ko an kwantar da shi da hannu, ana saki zai miƙe.

Muna cikin wannan Kawu ya kawo maganar Bagwai. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021 jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar ruwan Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Ya ce duk matuƙin kirki abu biyu yake tsoro fiye da iska: lodi ya wuce ƙima, da kuma fasinja su miƙe tsaye su koma gefe guda. Abin da littafinmu ke kira cibiyar nauyi ke nan; idan ta hau sama, ko ta gudu gefe, jirgi ya rasa abin da zai dawo da shi. Ya ƙara mana da ɗaya da ba mu taɓa tunani ba, wato ruwan da ya shiga cikin jirgi. Ko kaɗan ne, duk gefen da jirgi ya karkata can zai kwarara ya ƙara danne shi. Shi ya sa matuƙi ba ya rabuwa da ƙoƙon kwarfa. Mu muka cusa soso a ƙasan namu don ya riƙe ruwan wuri guda, muka tura gorunan roba biyu marasa komai a gaba da baya, don ko ya cika ba zai nutse ba.

Gudu daban, ja daban

Shi janwe ba a tambayar gudunsa. Yadda ake auna na gaske shi ne a ɗaure shi da igiya a jikin turken tasha, a ba shi wuta duka, a karanta nauyin da yake ja. Na manyan tashoshi kan ja tan hamsin zuwa tamanin. Muka kwaikwayi haka da sikelin kajin nan da kirtani. Da dainamonmu na farko da 'yar farfelarsa ta roba, allurar da ƙyar ta kai giram 200. Ga ƙara kamar injin markaɗe, ga kumfa, amma babu ƙarfi.

Dalili shi ne, ƙaramar farfela mai gudun tsiya ruwa kaɗan take kamawa ta watsa shi da sauri, yawancin wutar batir a kumfa take ƙarewa. Babba mai juyawa a hankali kuwa ruwa mai yawa take turawa baya, kuma wannan ne ke ba da ja. Masu tuƙa kwale-kwale sun san haka: mai faffaɗan filafili da ke ja a natse yana wuce mai fafalniya da siriri. Don haka muka sauya dainamon da na fanka mai caji, wanda bai kai na farko gudu ba amma ya fi shi ƙarfin murɗawa nesa ba kusa ba.

Farfelar kuwa Gaya muka koma aka yi mana. Garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa Abagayawa maƙera suka tashi suka je Dala neman tama ba zai rasa mai yanka tagulla ba. Wani maƙerin fari ya yanka mana fukafukai uku, ya like su da dalma a jikin noti, faɗinta duka santimita 5. Sau huɗu muna komawa wurinsa saboda karkatar fukafukan. Idan sun miƙe da yawa dainamo ya yi nishi ya ɗau zafi, idan sun kwanta da yawa ta yi ta juyawa a banza. A karo na uku ya ce mana shi fa ko zoben amarya bai taɓa ba shi wahala haka ba. Da ta huɗun sikeli ya nuna giram 600.

Akwai wani zobe da ake zagaye farfelar janwe da shi, wanda wani injiniya Bajamushe, Ludwig Kort, ya yi fice da shi a shekarun 1930. Yana tattaro ruwa ya bi ta cikin farfela, yana ƙara ja idan jirgi na tafiya a hankali. Muka yanko bututun roba na famfo, muka gasa bakinsa na gaba muka buɗa shi, muka bar tazarar da ba ta wuce kaurin katin waya ba tsakaninsa da fukafukai. Gaskiya ƙarin bai kai yadda muka ci buri ba, giram 700 da 'yan kai. A ganinmu wanda bai gama da nauyi da farfela ba kada ya ɓata lokacinsa a kan zoben.

Rimot ne kaɗai abin da muka haƙura muka saya sabo, bayan mun haɗa kuɗin abincinmu na makonni mun yi oda ta intanet. Na motar yara abu biyu ya sani, wuta duka ko babu, kuma da irin wannan fizga ba a jan kaya. Sabon yana aiki a kan gigahaz 2.4, yana da na'urar da ke ƙara wa dainamo wuta sannu-sannu gaba da baya, da wata 'yar na'ura mai juya wutsiya daidai gwargwadon yadda aka karkata yatsa. Abin lura guda: irin wannan saƙo ba ya ratsa ruwa, don haka eriyar dole ta kasance a sama, a cikin ɗakin matuƙi. Muka kuma saita shi yadda idan saƙo ya yanke, dainamo zai tsaya cak. Da mun san da wannan tun a Agusta!

Inda ake ɗaura igiya

Gwajin ja na farko da jarka mai lita 25 muka yi, cike da ruwa. Mun ɗaura kirtanin a can ƙarshen baya, bayan wutsiya. Jirgin ya ja, amma ya ƙi juyawa ko dama ko hagu, domin kirtanin ya riƙe masa gindi. Muka mayar da ƙugiyar saman ɗakin matuƙi. Nan kuma da ya sha kwana, jarkar ta ci gaba da tafiyarta, kirtani ya koma ta gefe, ya fizgo shi daga sama ya kwantar da shi har ruwa ya hau bene. Dalmar Kawu ce ta tashe shi.

Wannan shi ne babban haɗarin janwe na gaske ma: igiyar da yake ja da ita, idan ta koma ta haƙarƙarinsa, ita ce ke kifar da shi. Aikin ba wasa ba ne. A watan Mayun 2013 wani janwe mai suna Jascon-4 ya kife a tekun Najeriya yana cikin aiki da wata tankar mai, cikin mutum 12 ɗaya ne ya tsira, mai dafa musu abinci, Harrison Okene, wanda ya yi kusan awa 60 a wani lungu mai sauran iska, mita 30 a ƙarƙashin ruwa, kafin masu ninƙaya su iske shi. Mu dai wurin da ya yi mana daidai shi ne ƙasa-ƙasa a kan bene, kaɗan bayan tsakiyar jirgin, gaban wutsiya. A nan yana juyawa a ƙarƙashin kirtanin yadda yake so, kuma fizga ba ta samun tsawon da za ta kayar da shi.

Da la'asar, iska ta kwanta, Kawu ya kwance kwale-kwalensa ya ce mu gwada. Muka ɗaura, muka ba da wuta a hankali. Kirtani ya miƙe, farfela na ta tura ruwa, babu abin da ya motsa. Yaran ƙauyen suka fara dariya. Muka ƙirga kusan goma, sai ga hancin kwale-kwalen ya fara bin kirtani, sannu-sannu kamar tafiyar hawainiya, har ya rabu da gaɓa. A kan ruwa babu abin da ke riƙe kaya kamar yadda ƙasa ke riƙe taya, don haka ƙaramin ƙarfi idan ya dage ba yankewa yana motsa abin da ya ninka shi sau da yawa. Wahalar ma tsayar da shi ce: da muka kashe wuta, kwale-kwalen ya ci gaba da tahowa ya bangaji janwen daga baya.

Kawu bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya tambaya shi ne ko zai iya ƙetarar masa da bakin igiyar mamari zuwa wancan gefen tafki da sanyin asuba, ya huta da shiga ruwa a lokacin hunturu. Mun gwada sau biyu, ya kai sau ɗaya, ɗayan kuma ciyawa ta shiga zoben ta cije farfela. Babu wanda ya motsa daga gaɓa. Tun ranar farko Kawu ya kafa doka cewa ko jirgin zinare ne, idan ya mutu a tsakiya shi kaɗai zai je ya ɗauko a kwale-kwale, kuma yaro ba ya wuce inda ya ja layi da sandarsa.

Mun ɗauki bidiyon jan kwale-kwalen mun kai wa mahaifin abokinmu a Gaya. Ya kalla har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa, sannan ya miƙo wayar ya ce dokarsa tana nan: jirgin ya zauna a Ajingi. A can yake yanzu, a rataye a rumfar Kawu. Bututun eriyar ya fara ɗigo, duk rabin awa sai an matse soso, ga ragar da za mu sa a gaban zoben saboda ciyawa ba mu ƙera ba tukuna. Makon jiya kuma Kawu ya aiko a gaya mana cewa ya kusa gama saƙa sabon birgi, mu nemo abin da za mu sa a madadin dalmarsa kafin ranar kasuwa.